Faifan sabar ya cika, VM ɗina duk sun tsaya cak

TAMBAYA: Salam malam, dan Allah ina neman taimako. Ina kula da wata sabar (babbar kwamfutar da ke yi wa wasu hidima) da na sa wa Proxmox, manhajar da ke raba kwamfuta ɗaya ta yi aiki kamar kwamfutoci da yawa, tana da SSD (faifan ajiya mai sauri) guda biyu masu 1TB da na haɗa su a RAID 1, sai wani faifai mai juyi na 4TB a gefe. Na ƙirƙiri VM (kwamfutar da manhaja ke ƙirƙira a cikin sabar) biyar kowanne na ba shi 500GB kuma ba ta hana ni ba. Wata takwas lafiya lau, sai shekaranjiya da safe na tarar duk sun tsaya da alamar io-error (kuskuren karatu ko rubutu a faifai), alhali in ka duba cikinsu babu wanda ya ci rabin wurinsa. Ina da sinafshot (hoton yanayin faifan VM a wani lokaci) da yawa dai, ina ganin ko su za su cece ni?
Daga wani mai karatunku.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka tukuna, yawanci in VM ta tsaya haka bayananta na nan, dakatar da ita aka yi don kar ta ci gaba da rubutu inda babu wuri. Kar ka kashe su da ƙarfi.

Toh mu yi lissafi. RAID 1 madubi ne, abin da aka rubuta a faifai ɗaya shi ake rubutawa a ɗayan, kenan 1TB gareka ba 2TB ba. Kai kuma ka raba 500GB sau biyar, 2.5TB kenan. Dalilin da yasa ba ta hana ka ba shi ne ma'ajiyar da Proxmox ke sa faifan VM a ciki, mai suna local-lvm, irin LVM-thin ce, wato rabon alkawari take yi, za ta ce wa VM ga 500GB naki amma ba ta cire mata komai a zahiri sai lokacin da ta yi rubutu. Tsarin yana da amfani sosai wallahi, ni ma shi nake so, amma sharaɗinsa dole wani ya riƙa leƙa ainihin wurin da ya rage, domin VM ɗin ita ba ta san halin da sabar ke ciki ba, tana ganin fili har ranar da ainihin wurin ya ƙare.

Abu na biyu da ke ruɗa mutane, in ka goge fayil a cikin VM wurin ba ya komawa sabar da kansa. Sai ka kunna zaɓin Discard a saitin faifan, ka tabbatar kana amfani da VirtIO SCSI, sannan a cikin Linux ka buga fstrim -av ko ka kunna fstrim.timer ya riƙa yi duk sati. Windows na zamani yana yin nasa da kansa in faifan ya nuna masa zai iya. In ba a yi haka ba, VM da ke nuna maka 100GB tana iya riƙe 300GB na tsoffin abubuwan da ka goge tun tuni.

Sai maganar sinafshot, kuma nan ne nake so ka saurare ni da kyau don ina zargin su ne suka cinye maka wurin. Sinafshot ba ajiyar kwafi ba ce. Abin da take yi shi ne ta riƙe tsohon yanayin faifan a kan faifan nan dai, duk canjin da ka yi bayanta sai an nema masa sabon wuri, kaga kullum tana ƙara nauyi, wadda ta yi wata shida kuwa ba a magana. Hatta VMware, masu yin wata manhajar VM, shawararsu ita ce kar a bar sinafshot ya wuce awa 72. Ana ɗaukarta ne kafin a yi ofdet ko wani gyara mai haɗari, in komai ya tafi daidai a goge ta. Kuma in ma'ajiyar ta lalace, ita da VM ɗin tare za su tafi. Gaskiya abin nan yana damuna, mutane da yawa suna bacci da sakin jiki saboda sinafshot da RAID, alhali RAID ma mutuwar faifai ɗaya kawai yake karewa, in ka goge abu bisa kuskure ko baros (muguwar manhaja) ya kulle fayilolinka, madubin ma haka zai kwafa.

Yanzu abin yi. Shiga sabar ka buga lvs, ka duba Data% (yawan wurin bayanai da aka ci) da Meta% (wurin da ma'ajiyar ke rubuta lissafin inda komai yake), za ka ga ɗayansu ya kai ko ya kusa 100. Goge tsoffin sinafshot ɗin da ba ka buƙata, in wuri ya samu ka ta da VM ɗin daga inda suka tsaya, ɗaya bayan ɗaya, ka duba lafiyar fayilolin kowanne musamman mai databes (rumbun bayanai). Daga nan ka yi kwafin kowanne da kayan ajiyar da ke cikin Proxmox ɗin zuwa faifan 4TB, kafin ka taɓa komai kuma.

In ƙura ta lafa sai ka sake tsari. Faifan da sistem ke kai 40GB zuwa 60GB ya ishi yawancin VM, bayanai kuma ka ba su faifai na biyu daban, don ƙara girma abu ne mai sauƙi amma ragewa akwai haɗari, shi yasa ake farawa da kaɗan. Databes da duk abin da ke son sauri su zauna a SSD, tsoffin fayiloli da ISO (fayilolin girka sistem) su koma mai juyi. Amma ka sani faifan 4TB ɗin nan shi kaɗai ne, ba shi da madubi, don haka kwafi ɗaya ya riƙa fita daga sabar gaba ɗaya zuwa wata na'ura, kuma lokaci-lokaci ka gwada dawo da VM ɗaya daga kwafin ka ga ta tashi. Ka sa ƙararrawar da za ta turo maka saƙo in ma'ajiyar ta kai kashi 80 cikin 100. In ka buga lvs ɗin ka turo mana abin da ya nuna, musamman Meta%, don in shi ne ya cika gyaran ya ɗan bambanta.