Daga ina "shacking up" ta samo asali?

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ƙanwata, na ji tambayarki, wai me ya sa Amurkawa ke cewa "shacking up" idan namiji da mace suna zaune ɗaki ɗaya babu aure, wato zaman dadiro dai. To, saurara.

Tushenta "shack" ne, wato bukka. Ba bukkar Fulani mai tsari ba fa, irin wadda ake harhaɗawa da guntayen katako da tsohon kwano, ruwa na zuba, iska na shiga ta ko'ina. An fara ganin kalmar a rubuce a Amurka wajen 1878. Masu bin diddigin kalmomi da yawa suna danganta ta da "jacal" ta mutanen Meziko, ɗakin itace da laka mai jinka, su ma sun aro ta ne daga Nahuwatil, harshen Aztek, mutanen ƙasar Meziko na asali. Wasu kuma suka ce a'a, daga Ingila ta ƙetaro, daga kalmar da ke nufin abin da ke rawa yana shirin rushewa. Ni dai ta Meziko ta fi kwanta min.

To, akwai 'yan yawon duniyar nan na Amurka, masu maƙalewa a jirgin ƙasa na kaya suna bin gari gari neman aikin ƙarfi. A bakinsu, a shekarun 1920, "shack up" ba ta wuce mutum ya samu inda zai raɓa ya kwana ba. Zuwa 1935 ma'anar ta karkata, ta koma raɓawa a ɗakin mace ba tare da an ɗaura komai ba. Sojojin Amurka kuma suka ƙara baza ta lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Shi ya sa har gobe da raini a cikinta. Mai faɗinta yana nufin zaman na wucin gadi ne, ba tushe. Don Allah kar ki faɗa wa abokiyar aikinki Baturiya haka, za ta ɗauka zagi ne. A takarda "cohabitation" ake rubutawa, ita daga Latin ta fito, ma'anarta zama tare kawai.

Af, kafin in manta. A ƙarshen shekarun 1970 hukumar ƙidayar Amurka ta rasa sunan da za ta ba masu irin wannan zama, sai ta ƙirƙiro POSSLQ, haruffan farko na kalmomin Turanci masu nufin namiji da mace da ke zaune gida ɗaya. "Fosil-kiyu" ake furta shi. Mutane suka mai da shi abin barkwanci, daga baya hukumar ta koma cewa "unmarried partner".