Ɗana yana so in biya masa kujera a cibiyar 'yan fasaha

Tambaya: Ina sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari. Ɗana ya gama karatun kwamfuta, ya ce in riƙa biya masa kuɗin wata a wata cibiya da matasa ke zama da kwamfutocinsu, in kuma zuba jari a manhajar da suke haɗawa da abokansa. Ni ban ga haja ba. Me ake sayarwa a wurin?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Abin da ake sayarwa shi ne wutar da ba ta ɗaukewa, intanet mai ƙarfi, tebur da kujera, sai kuma mutane, waɗanda su ne suka fi tsada. Yaron da ke ɗaki shi kaɗai yana fama da man janareto ba zai ji labarin aiki ba. A can kuwa, wanda ke gefensa yana iya cewa, "Wani kamfani na neman mai haɗa shafin intanet, za ka iya?"

Wuraren ba baƙi ba ne. Akwai CcHub a unguwar Yaba ta Legas, inda Mark Zuckerberg mai Facebook ya kai ziyara a 2016, akwai CoLab a Kaduna, CIPMEN a Yamai, ga Startup Kano nan gida. A 2022 ma Najeriya ta yi doka ta musamman domin sababbin kamfanonin fasaha irin waɗanda ke tasowa a waɗannan wurare.

Ka je da ƙafarka, ranar aiki, ba ranar taro da ɗaukar hoto ba. Ka duba ko kawuna na sunkuye kan aiki ko hira ake yi. Ka tambayi mai kula da wurin su wa suka fara a nan har suka kama nasu ofishin. In akwai biyan kwana ko na mako, a fara da shi.

Kuɗin kujera ka ɗauke shi kamar kuɗin makaranta, ka yanka masa wa'adi, misali wata shida. Jari kuma magana ce daban, a nan nake so ka yi taka-tsantsan. Da yawa daga cikin waɗannan kamfanoni ba sa kai labari, kuma wanda ya sayi hannun jari ba bashi ya bayar ba: in an faɗi, kuɗinsa ya tafi. Kada ka taɓa uwar kuɗin shago. Kada ka zuba jari sai sun yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya, an rubuta kason kowa, an sa hannu gaban lauya, ko da ɗanka ne. Kafin nan ka tambaye su abu ɗaya: wa ya taɓa biyan ku?

In babu, ka zama mai sayensu na farko. Miƙa musu littafin bashinka, na 'yan sarin Maraɗi da Damagaram da ke ɗaukar dila su biya daga baya, ɗanka da abokansa su mayar da shi cikin waya. In yaran shagonka suka iya aiki da shi ba tare da an kira ɗanka ba, to sai a zauna a yi maganar jari.