Ga 'yar'uwar da aka ce bitamin D ɗinta ya yi ƙasa

Ƙanwata, Allah ya raba lafiya. Kin ce cikinki wata biyar, gwaji ya nuna bitamin D ɗinki 14, kina mamakin yadda haka za ta faru a ƙasar rana, kuma wata ta ba ki shawarar ki sayi ƙwaya mai 50,000 IU (IU ma'aunin ƙarfin bitamin ne) ki riƙa sha. Na daɗe ina aiki a ɗakin awo, na ga irin wannan ba adadi, don haka ki kwantar da hankalinki, abu ne mai gyaruwa.

Ranar da ke dukan rufin kwano ba ta amfanar ki da komai sai ta taɓa fatarki, domin a cikin fata jiki ke haɗa wannan sinadari. Mace na ɗaki yini guda, in za ta fita ta zumbula hijabi har ƙasa da safa, ga fatarmu baƙa wadda ke buƙatar lokaci fiye da ta Bature. Hasken da ya ratso gilashin taga ma ba ya aiki. Ba cewa nake ki bar suturarki ba. Tsakar gida ta ishe ki: ki zauna hannuwa da ƙwauri a buɗe na ɗan lokaci da hantsi, sau da yawa a mako.

Idan da ma'aunin ng/mL aka auna (duba takardar gwajin, kusa da 14 ɗin), likitoci da dama na ɗaukar ƙasa da 20 a matsayin ƙaranci, ke nan naki na son magani. Abin da ake so mai ciki ta samu kullum a Amurka shi ne 600 IU, a Ingila 400, iyakar da ba a son a wuce ba tare da likita ba kuwa 4,000. Wannan mai 50,000 ɗin kada ki kuskura ki sha da kanki. Bitamin D ba ya fita da fitsari kamar bitamin C, taruwa yake a jiki, in ya yi yawa ya ɗaga kalsiyam na jini ya taɓa ƙoda. Ki koma da takardar wurin wanda ya sa ki gwajin.

Abin da ya fi damuna shi ne jariri. Duk abin da zai zo da shi duniya daga jikinki ya ɗiba, nonon uwa kuma ba shi da bitamin D sosai, ga shi za ku yi arba'in a ɗaki. Na ga jarirai suna zabura saboda ƙarancin kalsiyam, dangi na cewa iska ce. Ki tambayi likita batun ɗigon 400 IU na jarirai tun kafin a sallame ku.

Sai dai kada a ɗora wa bitamin D komai. Binciken da wani likita mai suna Thacher da abokan aikinsa suka yi a Jos, aka buga a 1999, ya nuna yaranmu masu lanƙwasar ƙafa da gwame sun fi warkewa da kalsiyam a kan bitamin D shi kaɗai. Tuwon masara da dawa ba su da kalsiyam na kirki. Hukumar Lafiya ta Duniya ma kalsiyam ta ba da shawarar a bai wa masu ciki a inda abinci ba ya wadatar da shi, don rage hawan jinin da ke kai wa ga jijjiga. Saboda haka ki dage da kindirmo, madara, miyar kuka, zogale da ƙananan busassun kifi da ake ci har ƙaya. Bitamin D kuma akwai shi a kifin titus, sadin da gwaiduwar ƙwai.

In an rubuta miki kalsiyam, ki raba lokacinsa da na maganin ƙarin jini, don kalsiyam na rage shigar maganin ƙarin jinin jiki. Ciwon ƙugu ko wahalar tashi daga zaune in ya tsananta, ki faɗa a awo na gaba, kada a ce miki laulayi ne kawai.