Kullum ina taje karena, amma gashinsa sai dunƙulewa yake yi

Tambaya: Likita, ina da ƙaramin kare irin Lhasa Apso, watansa 11. Kullum ina bin jikinsa da buroshi, duk Asabar kuma ina yi masa wanka, amma gashin bayan kunnuwansa da na hammatarsa ya dunƙule ya yi tauri. Da na taɓa wurin sai ya yi ƙara ya nemi cizona. In yanke da almakashi ne, ko in sa a aske shi tas? Daga wata mai karatu a Kaduna.

Amsa: 'Yar uwa, don Allah ajiye almakashin nan tukuna. Gashin da ya dunƙule yakan janyo fata cikinsa, fatar bayan kunne da ta hammata kuwa ba ta da kauri ko kaɗan. Sau da yawa ana kawo mana kare da yanka a gindin kunne sai mun yi masa ɗinki, mai shi yana rantsuwa gashi kawai ya nufa.

Ba sakaci kika yi ba. Lhasa Apso asalinsa daga Tibet yake, ƙasar duwatsu da sanyi, shi ya sa gashinsa hawa biyu ne: dogo mai ɗan kauri a sama, da mai laushi kamar auduga a ƙasa. Buroshin da kike bi da shi na saman kawai yake gyarawa, na ƙasan yana can yana cuɗewa ba ki gani ba. Ga shi kuma ya kai lokacin da gashin ƙuruciya ke zubewa na girma yana fitowa. Wanda ya zube ba ya faɗuwa ƙasa, cikin sabon yake maƙalewa. Sai wankan Asabar ya zo ya ƙarasa aikin, domin ruwa ƙara ɗaure ƙulli yake yi. Daga yau, taza kafin wanka, ba bayansa kaɗai ba.

Yadda za ki yi tazar shi ne kamar mai kitso. Ki kwantar da shi a gefe ɗaya kan tebur ko cinyarki. Ki fara daga ƙasa, wajen ƙafa, ki tsaga gashin har sai kin ga fata da idonki. Ki ɗan fesa ruwan da kika zuba man laushin gashi na karnuka a ciki, don busasshen gashi karyewa yake yi, musamman lokacin iskar hunturu. Ki taje wannan layin daga gindi zuwa baki, sannan ki sake tsaga wani a samansa, haka har ki kai gadon baya. In kin gama da buroshi, ki bi da matajin ƙarfe. Shi ne alƙali: duk inda ya tsaya, akwai sauran aiki a wurin.

Ƙaramin ƙulli kuwa, ki riƙe gindinsa da yatsu biyu daidai fata don kada jan ya kai masa, ki warware da yatsu, sannan ki sa bakin mataji kina tsefewa daga ƙarshen gashin kina matsowa ciki. Minti 10 ya isa a zama ɗaya. In ya natsu ki ba shi ɗan abin da yake so. Neman cizon da yake yi zafi ne yake ji, ba mugunta ba.

Amma waɗanda suka riga suka yi tauri suka manne da fata, kada ki wahalar da shi. Ki kai shi asibitin dabbobi ko wurin masu gyaran karnuka a cire su da injin aski. A duba ƙarƙashinsu sosai, don nan ne danshi ke taruwa ya zama gyambo, da damina har tsutsa mukan tarar. Ban yarda a aske shi tas ba, rana za ta ƙona masa fata. Abin da nake ba yawancin mutanenmu shawara shi ne a rage gashin ya koma kamar tsawon gaɓar yatsa, a riƙa maimaitawa duk sati 6 zuwa 8. Da zafinmu da ƙurarmu, dogon gashi har ƙasa sai mai lokacin taza kullum.

Wankan ki mayar da shi duk sati 2 ko 3, da shamfu na karnuka, ba sabulun wanki ko na mutane ba. Ki matse da tawul, kada ki cuccuɗa, ki busar da shi har gindin gashi.

In ya dawo daga yawo, ki shafa ƙafafunsa da cikinsa ki cire ƙarangiya nan take, don kwana ɗaya ya isa ta haɗa ƙulli. Ki cire abin wuyansa ki taje wurin, ki leƙa cikin kunne da tsakanin yatsu saboda kaska. In kin same ta, ki nemi maganinta wurin likitan dabbobi. Kada kowa ya ce ki shafa masa kananzir, baƙin mai ko fiya-fiya. Zai lashe, kuma guba ce da ke iya kashe ɗan kare irin naki.