Amsar Goggo: Me Ya Sa Kowa Ke Faɗin Abu Ɗaya A Wurin Ta'aziyya?

'Yata, saƙonki ya iso, na kuma karanta shi a tsanake. Allah Ya ji ƙan mahaifin ƙawar taki, Ya ba su haƙurin rashi.

Kin ce kin je gaisuwa, kin zauna gaban ƙawarki zuciyarki cike fal da abin faɗa, amma da kika buɗe baki sai kika ji kin faɗi abin da wadda ta riga ki ta faɗa, wanda kuma na bayanki za su faɗa: ya haƙuri, Allah Ya ji ƙansa. Kika fito kina jin kamar ƙarya kika yi. Shi ne kike tambaya, wai me ya sa mutane suka ɗaure kansu da al'adar nan ta maimaita kalmomi iri ɗaya, alhali abin da ke cikin kowace zuciya daban ne, kuma anya wannan ba wani nau'in munafunci ba ne?

Ba munafunci ba ne. Akwai dai inda zan ba ki gaskiya, amma ki bari mu isa can tukuna.

Ki fara sanin cewa abin ba na wata al'umma ɗaya ba ne. Duk inda kika leƙa a duniya za ki tarar mutane sun ware 'yan kalmomi domin ranar mutuwa, wasu domin haihuwa, wasu domin aure, wasu domin ban kwana. Akwai wani masani ɗan asalin ƙasar Poland mai suna Bronislaw Malinowski, wanda ya zauna cikin mutanen tsibiran Trobriand, kusa da Niyugini, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. A wani rubutu da ya fitar a 1923 ya nuna cewa da yawan maganar da mutane ke yi ba don a sanar da wani labari ake yin ta ba, don a ƙulla zumunci ne. Wanda ya ce miki "kin tashi?" alhali ga ki tsaye a gabansa, ai ba tambaya yake yi ba. Cewa yake ya gan ki, kuma babu komai tsakaninku sai alheri. Gaisuwar mutuwa ma daga wannan dangin take. Ƙawarki ta san mahaifinta ya rasu, ta san ana so ta yi haƙuri. Abin da ba ta sani ba kafin ki shigo shi ne ko za ki zo.

Sannan ki tuna halin da mutum ke ciki a ranar. Mai makoki ba shi da ƙarfin sauraron sabuwar magana, balle ya auna ta ya nemo amsar da ta dace. Mutum ɗari za su shigo masa a wuni ɗaya. In kowa zai zo da tasa hikimar, kafin yamma an gama da shi. Kalmomin da aka saba kuwa amsarsu tana bakinsa tun yana yaro, zai iya mayarwa ko hankalinsa ba ya jikinsa. Kamar turba ce da ƙafafu suka daɗe suna takawa, ko cikin duhu mutum ya bi ta ba ya faɗawa rami. Mai zuwa gaisuwar ma sun rufa masa asiri, domin na daɗe ina lura, mafi yawan maganganun da ke ƙona ran masu makoki daga bakin masu son su yi bajinta suke fitowa. Wannan ya ce ai gara da ya huta. Waccan ta ce wa wadda ɗanta ya rasu, ke da sauran ƙuruciyarki, za ki haifi wani. Wani ya zauna yana lissafa asibitin da ya kamata a ce an kai mamacin. Duk cikinsu babu mai mugun nufi, tsoron shiru ne ya sa su ƙirƙira. Magana kuwa zarar bunu ce. Sai a shekara goma mai makokin ya manta fuskokin waɗanda suka zo, amma bai manta wannan kalma ɗaya ba. Yahudawa ma saboda gudun haka al'adarsu ta ce mai zuwa gaisuwa ya zauna ya yi shiru har sai mai makokin ya fara magana, suna kafa hujja da abokan Annabi Ayyuba, waɗanda littafinsu ya ce sun zauna tare da shi kwana bakwai ba wanda ya ce uffan.

To in kalmomin iri ɗaya ne, ta ina abin da ke zuciyarki zai isa ga ƙawarki? Nan ne nake ganin lissafinki ya kauce. Kin ɗauka duk saƙon yana cikin ma'anar kalma ne, alhali babban rabonsa yana cikin murya. Tun kafin mu san ma'anar komai muka san wannan. Wata malama a Jami'ar Stanford ta Amurka, Anne Fernald, ta fitar da bincike a 1993 kan jarirai 'yan wata 5 waɗanda Turanci ake yi a gidajensu. Aka kunna musu muryoyin mata suna yabo ko suna kwaɓa da Jamusanci da Italiyanci. Jariran ba su san ko kalma ɗaya ba, amma sun fi yin murmushi in yabo ne, sun fi ɓata fuska in kwaɓa ce. Wannan kunnen ba ya barin mutum har ya tsufa. Mutum goma za su ce wa ƙawarki ya haƙuri, kuma haƙuri goma daban-daban za ta ji. Akwai wanda ya faɗa ƙafarsa ɗaya tana waje, akwai wanda muryarsa ta karye a tsakiya. In har zuciyarki ta cika kamar yadda kika ce, to ta ji, ko ba ki ƙara harafi ɗaya ba.

Wannan ne ma ya sa nake yi muku faɗa kan ta'aziyyar waya, ku 'yan zamani. Ba ƙin wayar nake ba, ga shi da ita nake rubuto miki. A Jami'ar Wiskonsin, Leslie Seltzer da abokan aikinta sun ɗauko 'yan mata masu shekara 7 zuwa 12, suka sa su yin jawabi da lissafi a gaban baƙin fuska har hankalinsu ya tashi. Daga nan wasu aka kawo musu iyayensu mata suka rungume su, wasu suka yi magana da iyayen ta waya, wasu ba a haɗa su da kowa ba. Sakamakon da ya fito a 2010 ya nuna waɗanda suka ji muryar uwa ta waya jikinsu ya saki oksitosin, sinadarin da ke tafiya da shaƙuwa da natsuwa, kusan daidai da waɗanda aka runguma, kotisol, sinadarin tashin hankali, kuma ya sauka. Da aka maimaita gwajin da saƙon rubutu, aka fitar a 2012, sai aka ga waɗanda suka yi musayar rubutu da iyayensu kusan ba su da maraba da waɗanda aka bari su kaɗai. Uwar nan dai ita ce, lallashin ma shi ne, murya kawai aka cire. Saboda haka in akwai ta'aziyyar da ta kusa zama fanko, ita ce wadda aka kwafo daga wani wuri aka tura wa mutum da hoton fuska mai hawaye. In nisa ya hana ki zuwa, ki kira. In ba a ɗauka ba, ki bar saƙon murya.

Yanzu ga inda kike da gaskiya. Kalmomin al'ada na ranar farko ne, na lokacin da gida ya cika. Ba su isa su zama ƙarshen magana tsakanin masoya ba, kuma kuskuren da ake yawan yi shi ne a tsaya a kansu. Har akwai masu mayar da "yi haƙuri" abin toshe baki: da mutum ya soma faɗin abin da ke cin ransa, sai a tare shi da ita, ma'ana ya isa haka, kada ka ɗaga mana hankali. Wannan ba lallashi ba ne, mai faɗin ne yake neman wa kansa sauƙi. Kuma masu jingina shi ga addini ba su duba da kyau ba. A cikin Bukhari, lokacin da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) yake gargarar mutuwa, idanun Annabi suka zubar da hawaye, har Abdurrahman bin Auf ya yi mamaki. Annabi ya ce masa wannan rahama ce, sannan ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu Ya yarda da shi, kuma lallai muna baƙin cikin rabuwa da kai, ya Ibrahim. Ki duba, bai ɓoye ba. Ya ambaci baƙin cikin da sunansa, ya ambaci yaron da sunansa. Annabi Yaƙub ma da ya ce haƙuri mai kyau, shi ne dai ya yi kukan Yusuf har idanunsa suka yi fari, ya ce ga Allah kaɗai yake kai ƙarar damuwarsa da baƙin cikinsa. Kenan haƙuri bai hana a faɗi ciwo ba.

Faɗin ma kansa magani ne, domin magana ba wajen mai ji kaɗai take aiki ba, tana aiki a jikin mai yin ta. A 2007, Matthew Lieberman na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles ya sa mutane cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, yana nuna musu fuskoki masu fushi ko tsoro. Akwai wani ɗan sashe a ƙwaƙwalwa, amigdala, wanda ke zabura in ya hango haɗari. In aka ce mutum ya zaɓa wa fuskar sunan mace ko na namiji, sashen nan yana nan a zabure. In aka ce ya faɗi abin da fuskar ke nunawa, fushi ne ko tsoro, sai ya lafa, sashen gaba mai auna al'amura ya karɓi aiki. Tun kafin wannan, a 1986, James Pennebaker ya sa ɗalibai su riƙa rubuta abin da ya fi ƙona musu rai a rayuwa, minti 15 kullum har kwana huɗu. Da suka gama sun fi jin ƙunci a lokacin, wannan gaskiya ne, amma cikin watannin da suka biyo baya waɗanda suka rubuta abin da ya faru haɗe da yadda suka ji sun rage zuwa asibiti fiye da waɗanda suka yi rubutu kan abubuwan yau da kullum. Binciken da aka yi daga baya ya nuna amfanin ba wani gagarumi ba ne, kada ki ɗauka biro ya maye gurbin likita. Amma akwai shi. Abin da ba shi da suna a ciki sai ya yi ta yawo a jiki, ya zama ciwon kai, ya zama rashin barci, ya zama faɗa da wanda bai ji ba bai gani ba.

Saboda haka abin da ya cika miki zuciya ran nan kada ki zubar, ki adana. Bayan mako biyu ko uku, in ƙafa ta ɗauke kowa ya koma harkarsa, lokacin ne kewa ke saukowa da gaske. Ki koma wurinta. Ki ambaci baban nata, ki tuna mata wani alheri da ya taɓa yi miki ko wata dariya da ya taɓa ba ku. Mutane suna tsoron ambaton mamaci wai kada su tuna wa iyalinsa, sai ka ce mantawa suka yi. Ki tambaye ta wane lokaci ne ya fi yi mata wuya, dare ko safiya, sannan ki kama bakinki ki saurara. In ta yi kuka, kada ki yi gaggawar cewa ta daina.

Tunda kin jawo maganar, bari in ƙara miki da wani abu, don kada ki fita da fahimtar cewa duk abin da ya zo zuciya sai a amayar. Ƙauna da godiya, waɗannan a faɗe su, kuma su ne muka fi yi wa rowa. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa in mutum yana son ɗan'uwansa to ya sanar da shi. Da yawa sai a wurin makoki suke faɗin kirkin mutum, lokacin da kowa zai ji ban da shi. Fushi kuwa hukuncinsa daban. Ana yawan cewa wai ka fitar da shi ka huta, ka yi ihu, ka doki wani abu. Brad Bushman ya gwada wannan a 2002: aka tsokani ɗalibai ta hanyar kushe rubutunsu, wasu aka ba su buhun dambe su yi ta duka suna tuna wanda ya ɓata musu rai, wasu aka ce su zauna shiru na minti biyu. Masu dukan buhun su suka fi fitowa a fusace. Shi ya sa umarnin da ya zo a hadisi, cewa wanda ya yi fushi ya yi shiru, bai ci karo da abin da na gaya miki a sama ba. Ambaton abu daban, aman sa daban. Ki ce wa mutum "raina ya ɓaci da abin da ka yi jiya, na ji kamar ka wulaƙanta ni a gaban mutane", kin faɗi abin da ke ranki, kin kuma bar masa ƙofar da zai shigo ya ba da haƙuri. Ki ce masa "dama kai haka kake, ba ka da mutunci", to ba labarin zuciyarki kika bayar ba, hukunci kika yanke masa, shi kuma kare kansa zai shiga yi, ba sauraronki ba. Ta farkon ba ta faɗuwa sai jini ya sauka, shi ya sa ake kwana a kanta. In ma ta ƙi fitowa da baki, ki rubuta ta, ki ajiye, ki sake karantawa da safe kafin ki yanke ko za ki aika.

Ki gaida babanki, ki ce masa ina nan tafe in jikin ya ƙara sauƙi.

Goggonki.