Sauya sheƙa ne ko yaji? Kalmominmu a ma'aunin zaɓen Amurka

Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan zaɓen Amurka suka taru. Uku zan ɗauka, ta farkon ce za ta ci mana lokaci.

Wani malamin makaranta daga Zariya ya rubuto cewa: "Na ji ana faɗin wai Larabawan jihar Michigan sun sauya sheƙa a zaɓen 2024. Kunnena bai karɓi maganar ba, amma na rasa dalili. Daidai ne a ce mai jefa ƙuri'a ya sauya sheƙa?"

Malam, kunnenka ya yi gaskiya. Sheƙa gidan tsuntsu ce, inda yake kwana, ya yi ƙwai, ya ƙyanƙyashe. Kada a haɗa ta da sheƙa ta "ya sheƙa da gudu" ko "an sheƙa ruwa", ma'anarsu daban. Wanda ya sauya sheƙa ya kwashe komatsansa ne ya je wani gida ya tare. Shi ya sa maganar ta fi zama daram a kan ɗan siyasa mai katin jam'iyya da kujera. Sanata Strom Thurmond na South Carolina ya bar jam'iyyar Dimokurat ya koma Rifablikan a 1964, shekarar da Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar da ta haramta wariyar launin fata a wuraren jama'a. Wannan sauya sheƙa ne, ba ja. Ronald Reagan ma ɗan Dimokurat ne kafin ya fice a 1962, kuma ya sha faɗin cewa ba shi ya bar jam'iyya ba, ita ce ta bar shi. Wani zai ce ai wannan shi ne "kowa ya bar gida, gida ya bar shi." A'a. Karin maganarmu gargaɗi ce ga mai tafiya, cewa kada ya dawo yana neman gurbinsa. Maganar Reagan kuwa hanzari ce, yana ɗora laifin a kan gidan. Shi kansa Donald Trump ya yi shekaru yana da rajistar Dimokurat, daga 2001 zuwa 2009.

To amma dubi mutanen Dearborn a jihar Michigan, garin da Larabawa suka fi yawa a cikinsa. A 2020 wajen kashi biyu cikin uku na ƙuri'unsu Joe Biden na Dimokurat suka ba. Da yaƙin Gaza ya ɓarke, gwamnatinsa ta ci gaba da aika wa Isra'ila makamai, sai ransu ya ɓaci. A zaɓen fitar da gwani na Fabrairun 2024, mutum sama da 100,000 a Michigan suka shiga layin Dimokurat, amma suka dangwala a gurbin da ke cewa ba su tsayar da kowa ba. Lura da kyau: ba su je gidan maƙwabci ba, a ƙofar gidansu suka tsaya suna huci.

Wannan Bahaushe yana da sunansa tun kaka da kakanni. Yaji ke nan. Mace ba ta yin yaji don ta bar aure, tana yi ne don a san an ɓata mata, a biyo ta. Daga nan ma muka samo "yajin aiki", don ma'aikaci mai yaji bai ajiye aiki ba. Abokin tafiyar yaji kuwa biko ne. A babban taron jam'iyyar a Chicago cikin Agusta, masu wannan fafutuka sun nemi a ba wani Ba'amurke ɗan asalin Falasɗinu dama ya yi jawabi a dandamali, aka hana. Bikon bai zo ba ke nan. Ranar zaɓe Trump ya zo na ɗaya a Dearborn da kusan kashi 42 cikin 100, Kamala Harris ta Dimokurat ta samu wajen 36, Jill Stein ta jam'iyyar masu rajin kare muhalli ta kwashi kusan 18. Wannan 18 ɗin ita ce shaidata. Wanda ya tare a sabon gida ba ya jefa ƙuri'arsa inda ya san ba za a ci ba.

Idan kuma al'umma guda ta tashi sannu a hankali har ta zauna a wani wuri, kalmar da ta dace ita ce ƙaura. Baƙaƙen fatar Amurka sun daɗe tare da Rifablikan, jam'iyyar Abraham Lincoln da ya yi shelar 'yanta bayi a 1863. A 1936 yawancinsu suka bi Franklin Roosevelt saboda tallafin da ya kawo lokacin karayar tattalin arziki, daga 1964 kuma suka kafa turaku a Dimokurat. Fararen fatar kudu suka bi hanyar a juye. Yajin da ya daɗe ba biko shi ke rikiɗa ya zama ƙaura, kuma sai bayan zaɓe biyu ko uku ake gane wanne ne. Ga ɗan jarida mai rubuta labarin safe, shawarata ya ce "sun juya wa jam'iyyar baya." Wannan ta faɗi abin da ido ya gani, ba ta yanke hukunci a kan gobe ba. "Butulci" kuwa a bar wa masu zagi a dandalin sada zumunta.

Tambaya ta biyu daga wata malama ce a Damagaram: "Jihohin nan da ake ta ambata, waɗanda ba a san inda za su faɗa ba, mene ne sunansu da Hausa mai kyau?"

Malama, kalmar da Amurkawa ke kiransu da ita tana nufin lilo, amma ki ce "jihohin lilo" ki ga yadda za a yi miki dariya. Sai mun fara sanin aikinsu. A can ba jimillar ƙuri'un ƙasa ke naɗa shugaba ba. Akwai wakilai 538 da aka raba wa jihohi, wanda ya samu 270 ya ci, kuma ban da Maine da Nebraska, wanda ya zo na ɗaya a jiha shi ke kwashe wakilanta kaf. Tun da an san inda California da Alabama za su faɗa tun kafin a buga ganga, hankali sai ya koma kan 'yan tsiraru. A 2024 bakwai ne: Pennsylvania, Michigan, Wisconsin, Georgia, Arizona, Nevada da North Carolina. Trump ya lashe su duka, ya tashi da wakilai 312, Harris 226.

Ana cewa "jihohi marasa tabbas", kuma ba laifi. Na ji mai cewa "marasa alƙibla", wannan ban yarda ba, domin marar alƙibla a Hausa zagi ne. Ni na fi son "jihohin raba gardama", don ta faɗi amfaninsu. Uku na farkon nan ana yi musu kirari da shuɗin bango, shuɗi kasancewarsa launin Dimokurat, saboda daga 1992 zuwa 2012 ba su taɓa kuskure mata ba. A 2016 Trump ya ɗauke su da ratar da duk ka haɗa ba ta kai ƙuri'a 80,000 ba. Kowa ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma kaɗan ke lura cewa karin maganar bango take tuhuma, ba ƙadangare ba. Masana'antun da aka rufe a yankin, da ma'aikatan da suka ga an daina zuwa gaishe su, su ne tsagar.

Ta ƙarshe, wani ɗalibi daga Kano yana tambaya ko Amurkawa ma suna yin "sak".

Suna yi, ɗana, yawancinsu ma. "Sak" amsa-kama ce mai nuna miƙewa ba karkata, kamar a "ya miƙe sak", siyasarmu ta are ta zamanin takarar Buhari don nufin a zaɓi jam'iyya ɗaya daga sama har ƙasa. Kishiyarta ita ce "wake da shinkafa", kuma ita ma suna dafawa. A 2024 North Carolina ta ba Trump shugabanci ta ba Josh Stein na Dimokurat gwamna. A Arizona, Michigan, Nevada da Wisconsin Trump ya ci, amma kujerun majalisar dattawa 'yan Dimokurat suka ɗauka. Kada dai ka kira wannan "raba ƙafa". Mai raba ƙafa tsoro ke gare shi, yana so ko wa ya ci ya tsira. Mai wake da shinkafa ya san abin da yake zubawa a tukunya, ya auna kowanne. Na san a garinku garau-garau kuke ce mata, amma har yau ban ji wannan sunan ya shiga rumfar zaɓe ba.