Amsa ga Hajiyar da fulawoyinta ke zubar da ganye

Assalamu alaikum. Hajiya, na ga tambayarki tun daren jiya, na bari sai na samu zama in amsa miki a tsanake. Kin ce an kawo miki bugenbiliya biyu da hibiskus da iksora daga Yawunde zuwa Marwa a arewacin Kamaru, kin fitar da su daga leda kin dasa a tsakar gida, kina ba su ruwa safe da yamma, har da takin zamani, amma yau kwana goma ganye sai zuba yake.

Kafin komai, ki sa farce ki ɗan kankare ɓawon reshe. In kin ga kore a ciki, da ransu, kada ki tuge ko ɗaya. In wurin ya bushe ƙayau, ki gangara kusa da gindi ki sake gwadawa, don sau da yawa saman ne ya mutu, ƙasan na nan.

Ni a Garwa nake, na daɗe ina renon fulawa, kuma abin da ya same ki ya taɓa samuna. Waɗannan shuke-shuke sun tashi ne a Kudu, cikin inuwa da iska mai danshi. Sun sha doguwar tafiya, suka sauka a hannunki a watan Maris, lokacin da zafinmu ke haura digiri 40. Ganyen da ya tsiro a inuwa ba zai iya da wannan rana ba, dole shukar ta zubar da shi ta fitar da sabo. Ga gajiyar hanya, ga dashe, ga taki, ga ruwa sau biyu, duk a mako ɗaya. Abin ya yi musu yawa. Ni in na sayi sabuwar fulawa, a ledarta nake barin ta mako biyu a gindin darbejiya, tana samun hantsi kawai, sannan in riƙa matso da ita cikin rana kaɗan-kaɗan.

Tunda kin riga kin dasa, kada ki sake tono su. Ki kafa sanduna ki ɗaura tsohuwar zana ko buhu ta ɓangaren yamma, ta tare musu rana daga azahar zuwa la'asar. Takin da ke saman ƙasa ki kwashe shi da hannu, ki kwarara ruwa mai yawa sau ɗaya ya wanke saura. Takin zamani gishiri ne, yana ƙona saiwar da ta ji rauni. Kada ki ƙara sai kin ga sabon toho ya buɗe sosai.

Bugenbiliyar ce na fi damuwa da ita. Ga ƙaya, ga ƙarfin reshe, amma saiwarta siririya ce kamar gashi, ba ta son a taɓa ta. Ta farko da na saya, na kama gindinta na zaro ta daga leda, ƙasar ta marmashe a hannuna, ina ganin fararen saiwoyin sun tsintsinke. Ba ta kai mako ba. Na ji zafin abin sosai, don ja ce mai kyau da na daɗe ina nema. Tun daga ranar reza nake sa wa in yanke gindin ledar, in ajiye ta cikin rami, sannan in tsaga gefe in zare a hankali. Ruwa sau biyu a rana kuwa ruɓar da ita zai yi. Ki tura yatsa cikin ƙasa har gaɓa ta biyu, in da sanyi ki ƙyale ta. Idan ta kafu, ƙishirwa ce ma ke sa ta fure, shi ya sa za ki ga katangun Garwa sun yi jajir da rani, da damina kuwa sai ganye. Asalinta daga Birazil ne, Faransawa suka ɗauko labarinta a shekarun 1760 suka sa mata sunan shugaban tafiyar jirgin ruwansu, Bougainville. Abin da muke kira furenta ma ganye ne mai launi. Ki leƙa tsakiya, za ki ga ainihin furen, ƙanana farare guda uku. Ba ta manne wa bango da kanta, sai kin ɗaure ta, kuma da tsumma za ki ɗaure, waya tana cin reshe.

Hibiskus halinta daban. 'Yar'uwar zoɓo ce da rama, tana son ruwa, a wannan zafi kullum da sassafe sai ta sha. Furenta kwana ɗaya yake yi ya faɗi, wannan ba cuta ba ce. Abin da za ki sa wa ido shi ne wani farin ƙwaro kamar auduga da ke laɓewa a bayan ganye da hammatar reshe. Ina jiƙa dakakken ganyen darbejiya ya kwana, in tace, in sa sabulu ɗan kaɗan, in fesa bayan la'asar.

Iksora kam, gaskiya zan gaya miki, ita ce mafi wuya a wajenmu. Tana son ƙasa mai ɗan tsami, ruwan rijiyoyinmu kuma da yawa yana da kanwa-kanwa. Alamar ita ce sabon ganye ya yi rawaya jijiyoyinsa na nan kore. Tawa a tukunyar ƙasa take, a inuwa, da damina ina tara mata ruwan sama a randa. Kada toka ta kusance ta. Da ni ce mai saye a Marwa, da shukar kariya na fara, tunda 'yar gida ce, ta saba da ƙishirwarmu, ga fure ruwan hoda tun rani. Sai dai ruwan jikinta guba ne, a nesanta ta da yara da awaki.

Ban san irin ƙasar gidanki ba. In baƙar lakar nan ce ta karal mai tsagewa da rani, tana riƙe ruwa har saiwa ta shaƙe. A dashe na gaba ki gauraya ta da yashin rafi da tsohon kashin shanu wanda ya ruɓe ya daina wari, don ɗanye yana kiran gara. Yanzu dai ki baza ɓawon gyaɗa a saman ƙasa, ki bar tazarar yatsu uku tsakaninsa da gindin shukar. Nan gaba kuma ki jinkirta saye zuwa watan Yuni, ruwa ya zauna.

Ki ɗauko mana hoton bayan ganyen hibiskus ɗin da na reshen da kika kankare, ki kuma faɗa mana ko ruwan famfo kike ba su ko na rijiya. Allah ya raya miki su.